Tarihin Rudolf Diesel, Mutumin da Asarar Mai ta Hana Barci

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Tashar Yari ya ga manyan motoci ɗauke da raken Makarfi da Kudan, ko tumatirin Ikara, ko kuwa ya kai niƙa wurin mai inji, to ya ci moriyar wani Bajamushe. Man nan da direbobinmu ke kira gas, 'yan boko su ce dizal, sunan mutum ne aka laƙaba masa.

An haifi Rudolf Diesel a birnin Faris ran 18 ga Maris, 1858. Iyayensa Jamusawa ne, uban kuwa baduku ne mai ƙaramin ƙarfi. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Jamusawa cikin 1870, sai aka kore su suka tafi Landan, daga can aka aika da yaron Augsburg wurin dangi. Ya yi karatun injiniya a Munich, ya gama cikin 1880 da sakamako mafi kyau.

A nan makarantar ne malaminsa, Carl von Linde, ya bayyana musu cewa injin tururi na wancan zamani yana ɓarnatar da wajen kashi tara cikin goma na ƙarfin makamashin da ya ci. Watau kamar manomi ne ya noma dami goma, ɗaya kaɗai ya isa rumbu. Wannan magana ta tsaya wa Diesel a rai har ƙarshen ransa.

Dabarar da ya fito da ita kuwa ita ce a matse iska zalla cikin silinda har ta yi zafi matuƙa, sannan a fesa mata mai, ya kama da kansa ba tare da fulogi ba. Ya nemi rajistar wannan dabara cikin 1892, masana'antar injuna ta Augsburg da kamfanin Krupp suka ɗauki nauyinsa. Injin farko da aka gwada cikin 1893 ya yi bindiga, ƙiris ya rage ya halaka shi. Sai cikin 1897 aka sami wanda ya yi aiki sosai, yana juya wajen kashi 26 cikin ɗari na ƙarfin mai zuwa aiki. A bikin baje kolin Faris na 1900 an tayar da irin injinsa da man gyaɗa, abin da ya kamata mu jikokin manoman gyaɗa mu lura da shi.

Akwai wata fa'ida da ba kasafai ake ambata ba. Injin fetur, in ba ya ɗauke da nauyi, sai an shaƙe masa hanyar iska, fistin ya riƙa wahalar zuƙa, mai yana tafiya a banza. Na Diesel kuwa iskarsa a sake take, man kawai ake ragewa. Wannan asara ce masu ƙera motocin fetur suka yi ta fama da ita, har kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da inji cikin 1981 mai silinda takwas wanda kan kashe biyu ko huɗu in tafiya ta miƙe, domin sauran su sha iska sosai. Kwamfutar lokacin ba ta da saurin sarrafa shi, aka janye shi daga yawancin motocin bayan shekara guda, sai wajen farkon ƙarnin nan dabarar ta kankama a motocin Honda da Chrysler.

Burin Diesel shi ne ƙaramin mai sana'a ya sami inji mai arha ya yi gogayya da manyan masana'antu. A ganina mai injin niƙa na ƙauye ya fi jirgin ruwa cika masa wannan buri. Shi kansa ya yi arziki ƙwarai, amma bai iya riƙon kuɗi ba. Ciwon kai da bashi suka taru suka yi masa katutu.

Ran 29 ga Satumba, 1913, ya shiga jirgin ruwa mai suna Dresden daga Antwerp zuwa Ingila. Ya ci abincin dare ya nufi ɗakinsa, da gari ya waye aka tarar ba a ko kwanta kan gadon ba. Bayan kwana goma wasu matuƙa suka tsinci gawa a teku, suka cire 'yan kayan da ke aljihunta, ɗansa Eugen ya shaida na mahaifinsa ne. Yana da shekara 55.