Ronald Fisher: Masanin lissafin da ya koya wa likitoci gwada magani daga gonar alkama

Duk lokacin da likita ya ce wa majiyyaci an gwada magani kaza an tabbatar yana aiki, akwai wata dabara da maganar tasa ta dogara a kanta. Ana tara masu ciwo iri ɗaya, a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba gida ɗaya maganin, ɗayan a ba shi wani abin daban, sannan a kwatanta sakamakon. Mutumin da ya kafa wa wannan dabara ginshiƙi a ilimance bai yi karatun likitanci ba. Aikinsa ya fara ne a gonar gwaji, tsakanin alkama da taki. Sunansa Ronald Aylmer Fisher.

An haife shi a Landan ranar 17 ga Fabrairu, 1890. Tagwaye ne, amma ɗan uwansa bai zo da rai ba. Mahaifinsa mai wadata ne, dillalin gwanjon kayan zane. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara 14, ba a jima ba kuma kasuwancin mahaifin ya karye. Tun yana yaro yake da raunin gani mai tsanani, har aka hana shi karatu da hasken lantarki, sai malaminsa ya riƙa koya masa lissafi da baki, ba takarda ba alƙalami. Wannan ya saba masa da warware lissafi a kansa, abin da daga baya ya wahalar da masu karanta rubutunsa, domin yakan tsallake matakan da shi yake ganin a fili suke.

Ya shiga Jami'ar Kambirij da tallafin karatu a 1909, ya kammala a 1912. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke ya nemi shiga soja, aka ƙi ɗaukarsa saboda idonsa. Ya yi 'yan shekaru yana koyarwa a makarantu, aikin da bai ji daɗinsa ba. A 1919 ya samu aiki a Rothamsted, wata cibiyar binciken noma da ke arewa da Landan.

Matsalar gonar gwaji

An kafa Rothamsted a 1843, kuma tun daga lokacin ake shuka alkama a wani fili mai suna Broadbalk, kowane yanki da irin takin da ake zuba masa, ana rubuta yawan amfanin da aka girbe kowace shekara. Lokacin da Fisher ya zo akwai alƙaluman shekara fiye da 70. Shugaban cibiyar, John Russell, yana so ya san ko za a iya fitar da wani abu mai ma'ana daga cikinsu.

Abin da ya tarar, kowane manomi zai gane shi. Gona ɗaya ba ƙasa ɗaya ba ce. Wani gefen yana riƙe ruwa, wani yana tsanewa da wuri, wani wurin dabbobi sun taɓa kwana sun bar taki. Idan aka zuba takin zamani a gefen gabas aka bar gefen yamma, gabas ta fi yin kyau, wa zai iya rantsuwa cewa takin ne ba ƙasar ba? Fisher ya yi iya ƙoƙarinsa da tsofaffin alƙaluman, amma ya fahimci cewa gyaran yana wajen tsara gwajin tun kafin a yi shuka. Idan aka tsara shi a karkace, lissafin da za a yi bayan girbi ba zai miƙe shi ba.

Shawararsa, wadda ya bayyana a littafinsa na 1925 da wata maƙala kan tsara gwajin gona a 1926, ita ce a yanka filin ƙananan fuloti masu yawa, a maimaita kowane irin taki a fuloti da dama, a haɗa fulotin da ƙasarsu ta yi kama da juna a rukuni ɗaya, sannan a cikin kowane rukuni a jefa ƙuri'a don sanin fulotin da zai samu taki kaza. Ya kuma yi amfani da wani tsari mai kusurwa huɗu inda kowane taki yake fitowa sau ɗaya kacal a kowane layi, na tsaye da na kwance. Ya nuna ana iya gwada abubuwa biyu ko uku a gwaji ɗaya, kamar irin taki da yawansa da lokacin zuba shi, maimakon bin su ɗai-ɗai.

Maganar ƙuri'a ce ta fi tayar da ƙura. Me zai sa ƙwararren da ya san gonarsa ya bar zaɓi a hannun sa'a? Har abokinsa William Gosset, masanin ƙididdiga a kamfanin Guinness, ya fi son a jera fulotin da hannu cikin tsari mai daidaito, kuma sun yi ta jayayya a kan haka. Hujjar Fisher iri biyu ce. Mai bincike zai iya daidaita abubuwan da ya sani ne kawai, amma ƙuri'a ba ta fifita kowane ɓangare ko a abin da aka sani ko a wanda ba a sani ba, kuma tana cire hannun mutumin da zuciyarsa ta riga ta karkata ga sakamako ɗaya. Sannan idan ƙuri'a ce ta yi rabon, ana iya lissafa sau nawa bambancin da aka gani zai iya fitowa da sa'a kawai, ko da takin ba ya yin komai.

Misalin da ya fi shahara da shi yana cikin littafinsa na 1935 kan tsara gwaje-gwaje. Wata abokiyar aikinsa, Muriel Bristol, ta ce tana iya gane ko madara aka fara zubawa a kofi kafin shayi ko shayin aka fara zubawa. Tsarin gwajin shi ne kofi 8, huɗu madara a farko, huɗu shayi a farko, a jera mata su bisa ƙuri'a. Akwai hanyoyi 70 na zaɓen huɗu daga cikin takwas, saboda haka mai canke kawai zai dace da duka sau 1 ne cikin 70. Da kofi 6 aka yi amfani da su, damar za ta zama 1 cikin 20. Wannan 1 cikin 20, wato 0.05, ita ce iyakar da Fisher ya ga ta dace da aikin yau da kullum, kuma ita ake gani har yau a mujallun likitanci. A ganina an ɗora wa lambar nan nauyin da ya fi ƙarfinta. Tana nuna cewa da wuya irin wannan bambanci ya fito idan maganin ba ya yin komai, amma ba ta cewa bambancin yana da girman da majiyyaci zai ji a jikinsa.

Daga gona zuwa gadon asibiti

A 1933 Fisher ya bar Rothamsted ya zama farfesa a Landan, a 1943 kuma ya koma Kambirij a matsayin farfesan ilimin gadon halitta. A wannan tsakanin ya taɓa aikin likita kai tsaye. Shi da Robert Race ne suka fito da bayanin yadda ake gadon rukunin jini na Rh, da haruffan C, D da E da ɗakunan gwajin jini suke amfani da su har yanzu. Harafin D ɗin nan shi ake nufi idan aka ce jinin mai ciki nagatif ne, kuma shi ne a sunan allurar Anti-D, wadda wasu masanan suka samar bayan rasuwarsa.

Wanda ya shigo da rabon ƙuri'a cikin gwajin magani yadda ya zauna da gindinsa shi ne Austin Bradford Hill, wani masanin ƙididdiga a Landan. Kafin lokacin, likitoci sukan yi karɓa-karɓa: majiyyaci na farko ya samu sabon magani, na biyu a'a, na uku ya samu. Illar wannan ita ce likitan ya san abin da mai zuwa zai samu, don haka tausayi ko son maganin ya yi nasara zai iya sa ya jinkirta shigar da wani ko ya gaggauta shigar da wani. A gwajin allurar streptomycin kan tarin fuka da aka wallafa a 1948, Hill ya yi rabon da lambobin ƙuri'a, aka rufe su a ambulan, ba a buɗewa sai an riga an karɓi majiyyaci. Mutum 55 suka samu allurar tare da hutun gado, 52 hutun gado kawai. Maganin ya yi ƙaranci a Birtaniya a lokacin, ba zai ishi kowa ba ko da an so. Bayan wata shida mutum 4 suka rasu a rukunin farko, 14 a na biyu. Damuwar Hill ta fi karkata ga ɓoye rabon daga idon likita fiye da lissafin Fisher, amma tushen ɗaya ne.

Yau gwajin kan fita daga asibiti ya koma fili, ƙauye ya tsaya a matsayin fuloti. A wani bincike da aka wallafa a 2018, an raba garuruwa fiye da 1,500 a Nijar da Malawi da Tanzaniya ta hanyar ƙuri'a. A wasu an ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar azithromycin sau biyu a shekara, a wasu an ba su abin da ya yi kama da shi amma ba magani a ciki. Mace-macen yara ya ragu da kashi 13.5 cikin ɗari a jimla, a Nijar kuma, inda aka yi aikin a jihar Dosso, da kusan kashi 18. Wannan shiri ne na hukuma da ake sa wa ido saboda haɗarin ƙwayoyin cuta su daina jin magani, don haka kada iyaye su ɗauke shi a matsayin izinin sayen maganin a kemis su ba yaro mai lafiya.

Taba sigari

A 1950 Hill da Richard Doll suka wallafa binciken da ya nuna alaƙa mai ƙarfi tsakanin shan taba da kansar huhu. A 1951 suka fara bin lafiyar likitocin Birtaniya kimanin 40,000, kuma cikin 'yan shekaru ya bayyana cewa mace-mace daga kansar huhu yana ƙaruwa gwargwadon yawan tabar da mutum ke sha. Fisher, wanda mashayin lofe ne kuma ya yi wa kamfanonin taba aikin ba da shawara, ya tsaya kai da fata a 1957 da 1958 cewa ba a tabbatar da komai ba. Hujjarsa ita ce ba ƙuri'a ce ta raba mashaya da waɗanda ba sa sha ba, don haka wataƙila wani abu ne a halittar mutum yake sa shi sha'awar taba, shi ne kuma yake jawo masa kansar.

Tambayar ta cancanci a yi ta, kuma an amsa ta. A 1959 Jerome Cornfield da abokan aikinsa suka nuna cewa tunda haɗarin mashaya ya ninka na sauran mutane kusan sau tara, duk wani ɓoyayyen dalili sai ya fi yawa a cikin mashaya aƙalla sau tara kafin ya iya bayyana bambancin, kuma ba a samu abu makamancin haka ba. Ba kuma yadda za a yi a jefa ƙuri'a a tilasta wa rabin mutane shan taba shekara talatin. Inda gwaji ba zai yiwu ba, dole a haɗa hujjoji daga wurare daban-daban a auna su. Fisher bai sauka daga ra'ayinsa ba, kuma kamfanonin taba sun ci moriyar sunansa wajen tsawaita shakku a zukatan mutane. Na ɗauki wannan a matsayin babban kuskuren aikinsa na kimiyya, domin kowace shekarar shakku ta ci rayuka.

Akwai wani tabo da ya girmi wannan. Tun yana ɗalibi a 1911 yake cikin masu aƙidar tace irin ɗan Adam, wato ƙarfafa wa waɗanda ake gani sun fi nagarta su haihu da yawa, a rage haihuwar waɗanda ake gani ba su kai ba. A shekarun 1930 ya goyi bayan a yi dokar da za ta ba da damar tsayar da haihuwar masu wasu larurori bisa amincewarsu, dokar da majalisar Birtaniya ba ta zartar ba. A farkon shekarun 1950 kuma ya ƙi amincewa da matsayar hukumar UNESCO kan launin fata, yana ganin al'ummomi sun bambanta a basira tun daga halitta. Duk mai karatu a Afirka ya san su wa irin wannan ra'ayi yake ajiyewa a ƙasan layi.

An ba shi sarautar Sir a 1952. Bayan ya yi ritaya ya koma birnin Adelaide na Ostireliya a 1959, ya ci gaba da bincike. A watan Maris na 1962 Kwalejin Likitoci ta Landan ta fitar da rahotonta da ya tabbatar da cewa taba tana haddasa kansar huhu. Fisher ya rasu ranar 29 ga Yuli na wannan shekarar, yana da shekara 72, bayan tiyatar kansar hanji. Kwalejinsa ta Kambirij ta sanya wata tagar gilashi mai launuka a ɗakin cin abinci don tunawa da shi, ɗauke da tsarin fulotinsa mai kusurwa huɗu, bakwai a tsaye bakwai a kwance. A watan Yuni na 2020 ta yanke shawarar cire ta saboda aƙidarsa ta tace iri.