Rudolf Diesel: Ya yi wa duniya inji, ya bar ta da neman maganin hayaƙi

Manyan motocin da ke kwasar rake daga gonakin Gubuchi da sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Maƙarfi, da taraktocin da ke huɗa a Ikara da Kudan, da yawancin injinan niƙa na ƙauyuka, duk da sunan mutum ɗaya suke aiki. Man da direbobi ke kira gas, jaridu kuma suke rubuta shi dizal, ya samo sunansa ne daga wani injiniya Bajamushe, Rudolf Diesel, wanda ya rasu fiye da shekara 110 da suka wuce. Burinsa shi ne ya ƙera injin da ba ya ɓarnar mai, kuma ya cim ma burin. Sai dai dabarar da ta sa injin ya yi tsimin mai ita ce kuma ta haifi gubar da ake ta kafa dokoki a kanta a yau.

Ƙuruciya cikin gudun hijira

An haifi Rudolf Diesel a birnin Faris na ƙasar Faransa ranar 18 ga Maris, 1858. Iyayensa, Theodor da Elise, Jamusawa ne 'yan asalin yankin Bavaria da neman abinci ya kai su can. Mahaifin yana sana'ar ɗaure littattafai da dukanci, kuma gidan ba na masu hali ba ne.

A 1870 yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Jamusawa, aka umarci Jamusawan da ke Faris su fice. Iyalin suka tsallaka Landan. Da zama ya yi wuya, sai aka tura Rudolf, yana ɗan shekara 12, zuwa birnin Augsburg na Jamus, wurin wani dangi mai suna Christoph Barnickel, malamin lissafi. Nan ƙwazonsa ya bayyana. Yana shekara 14 ya rubuta wa iyayensa cewa aikin injiniya zai yi, a 1875 kuma ya sami tallafin shiga babbar makarantar fasaha ta Munich.

A can ya haɗu da Farfesa Carl von Linde, gwanin na'urorin sanyaya kaya. A darasin wannan malami ne ya ji abin da ya tsaya masa a rai har mutuwarsa: injinan tururi da masana'antun zamanin suka dogara da su da ƙyar suke cin moriyar kashi 10 cikin 100 na ƙarfin gawayin da suke ƙonawa, sauran duk ya bi iska. Zazzaɓin taifot ya hana shi zana jarrabawar ƙarshe a 1879, ya yi zaman jira yana koyon aiki a kamfanin Sulzer da ke Suwizalan. A watan Janairun 1880 ya kammala da sakamako mafi daraja.

Daga ƙanƙara zuwa wuta

Aikinsa na farko a masana'antar ƙanƙara ta Linde ne a Faris, inda ya zama shugaba bayan shekara guda. A 1883 ya auri Martha Flasche, suka haifi 'ya'ya uku. Sinadarin amoniya shi ne jigon na'urorin sanyaya kaya na lokacin, saboda haka Diesel ya lakance shi, har ya shafe shekaru yana gwada ƙera inji mai aiki da tururinsa. Gwajin bai yi nasara ba, kuma masu rubuta tarihinsa sun ruwaito cewa injin ya taɓa fashewa har ya kusa hallaka shi.

Da ya koma Balin a 1890 sai ya sake shawara, ya koma kan iska tsagwaronta. Duk wanda ya taɓa ba tayar keke iska ya san famfon yakan ɗauki zafi, domin iska idan aka matse ta zafi take yi. Diesel ya ga cewa idan fistin ya matse iska a cikin silinda matsa mai tsanani, za ta yi zafin da da zarar an fesa mata mai zai kama da kansa, ba tare da fulogi ba. Yawan matsar shi ne yawan ƙarfin da ake tatsa daga kowane ɗigon mai. Ranar 23 ga Fabrairu, 1893 hukumomin Jamus suka ba shi takardar mallakar wannan fasaha.

Masana'antar ƙera injina ta Augsburg, wadda daga baya ta zama kamfanin MAN, da kamfanin Krupp suka ɗauki nauyin gwaje-gwajen. An sha wuya shekara huɗu, ana rushewa ana sakewa. Ranar 17 ga Fabrairu, 1897 Farfesa Moritz Schröter ya auna injin a hukumance, ya tarar yana cin moriyar kashi 26 cikin 100 na ƙarfin mai, wato ya ninka injin tururi fiye da sau biyu. Kamfanoni suka yi ta rububin sayen lasisi. Attajirin Amurka Adolphus Busch shi kaɗai ya biya mak miliyan ɗaya, kuɗin Jamus na lokacin.

Injin talaka da man gyaɗa

Diesel ɗan mai sana'ar hannu ne, kuma ya ga yadda manyan masana'antu suka danne irin mahaifinsa, domin injin tururi sai mai jari babba. Fatansa shi ne ƙaramin maƙeri da manomi su sami injin da za su iya riƙewa. A 1903 ya wallafa littafi mai suna Solidarismus a kan yadda ma'aikata za su haɗa hannu su mallaki masana'antu, amma littafin bai sami masu saye ba.

Ya kuma yi tunanin ƙasashen da ba su da man fetur. A babban bajekolin duniya na Faris a 1900, an tada wani ƙaramin injin dizal da man gyaɗa zalla, bisa buƙatar gwamnatin Faransa, wadda ke neman abin da zai ba da wuta a ƙasashen Afirka da ta mallaka. A laccocinsa na 1912 Diesel ya yi hasashen cewa man tsirrai zai zo ya yi muhimmanci. A shekarar ce kuma jirgin ƙasa ya fara jigilar kaya sosai tsakanin Kano da Legas ta Zariya, cinikin gyaɗar ƙasar Hausa ya bunƙasa. Amma gyaɗar Turai aka riƙa kaiwa, injinan da suka zo daga baya kuma man ƙasa suka sha.

Dare a kan teku

Arziƙin Diesel bai daɗe ba. Injinan farko da aka sayar sun riƙa lalacewa, abokan hamayya suna musun cewa shi ya ƙirƙiro injin, lafiyarsa ta raunana, kuɗinsa kuma suka salwanta a harkokin jarin da ba su yi albarka ba.

Da yammacin 29 ga Satumba, 1913 ya shiga jirgin ruwa mai suna Dresden daga Antwerp ta Beljiyam zuwa Ingila domin halartar wani taron kamfani. Ya ci abincin dare, ya shiga ɗakinsa wajen ƙarfe 10, ya bar saƙon a tashe shi ƙarfe 6:15 na safe. Da gari ya waye aka tarar ba a kwanta a gadonsa ba, hularsa da kwat ɗinsa kuma suna ajiye a gefen jirgin. Bayan kwana goma wasu matuƙan jirgin ruwa 'yan Holan suka tsinci gawa a teku, suka cire kayan da ke jikinta, ɗansa Eugen ya shaida cewa na mahaifinsa ne. Matarsa ta buɗe jakar da ya bar mata, ta sami mak 20,000 da takardun da suka nuna asusunsa ya kusa ƙarewa. Yawancin masana tarihi sun karkata ga cewa shi ya kashe kansa, ko da yake an yi ta raɗe-raɗin kisa. Shekararsa 55.

Bai ga injinsa a kan titi ba. Sai wajen 1924 manyan motocin dizal suka fito, a 1936 kuma kamfanin Mercedes-Benz ya fitar da ƙaramar mota samfurin 260 D.

Gadon da ya zo da bashi

Iskar da ake shaƙa yawancinta sinadarin naitirojin ne, wanda ba ya cutarwa. Amma a cikin tsananin zafin silindar dizal yakan haɗu da iskar oksijin ya zama guba mai ƙona huhu, mai tsananta asma. Ga kuma baƙin tozon da ke fita ta salansa. A watan Yunin 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji.

Dokoki suka yi ta tsananta. Ƙa'idar Turai ta Euro 6, wadda ta fara aiki a watan Satumban 2014, ta rage gubar naitirojin da aka yarda ƙaramar motar dizal ta fitar daga miligiram 180 zuwa 80 a kowace kilomita. Shekara guda bayan haka hukumar kare muhalli ta Amurka ta bankaɗo cewa kamfanin Volkswagen ya sa wa motocinsa manhajar yaudarar masu gwaji, kamfanin kuma ya amsa cewa abin ya shafi motoci kusan miliyan 11.

Maganin da masu ƙera motoci suka fi dogara da shi wani ruwa ne da aka fi sani da AdBlue: kashi 32.5 cikin 100 yuriya ce tsarkakakkiya, sauran kuma tataccen ruwa. Tankinsa daban, ba a haɗa shi da mai. Ana fesa shi ne cikin bututun hayaƙi, zafi ya mai da yuriyar amoniya, ita kuma ta juya gubar ta koma naitirojin da tururin ruwa. Idan ya ƙare, motar ba za ta sake tashi ba sai an zuba. Amoniyar da ta ƙi ba Diesel inji ita ce yau take wanke hayaƙin injin da ya ƙera.

Manomin Gubuchi ya san yuriya sarai, ita yake zuba wa masara da rake. Sai dai ta buhu ba ta maye gurbin wancan ruwa, domin dattin da ke cikinta yana lalata na'urar. Haka ma man dizal mai yawan sinadarin salfa yana kashe matatun hayaƙi, shi ya sa batun ingancin mai ya riga komai. A da, Najeriya ta daɗe tana amincewa da man da salfarsa ta kai kashi 3,000 cikin miliyan. A watan Fabrairun 2020 ministocin ƙasashen ECOWAS suka amince a rage shi zuwa 50, kuma motocin da ake shigowa da su su cika ƙa'idar Euro 4.

Najeriya tana sarrafa yuriya da yawa, tana kuma tace man dizal a cikin gida. Abin da ya rage shi ne tabbatar da bin ƙa'idar a gidajen mai da kan iyakoki, da samar da ruwan a kasuwa cikin farashin da direba zai iya, domin kada a riƙa cire na'urar a gareji. Yaran da ke talla a tasha da masu aiki a ɗakin niƙa su ne suka fi shaƙar wannan hayaƙi, kuma irinsu ne Rudolf Diesel ya yi niyyar taimaka wa da injinsa.