Pearl Buck, Ba'amurkiyar Da Ta Rubuta Wa Yara Labarun Ƙasar Sin

A cikin jihar Pennsylvania ta ƙasar Amurka akwai wata gona da a ke kira Green Hills, a cikinta kuwa akwai wani kabari. Wadda ke kwance ciki Ba'amurkiya ce, amma ba a rubuta sunanta na Turanci bisa dutsen ba, sai sunan da mutanen Sin suka san ta da shi, watau Sai Zhenzhu, da irin rubutunsu. Ita da kanta ta tsara haka tun tana da rai. Wannan mata ita ce Pearl Buck. Duniya ta fi saninta da manyan littattafanta, amma mu yau muna so mu ba masu karatu labarin waɗanda ta rubuta wa yara, da kuma abin da ya sami takardunta, gama su ma sun sha yawo kamar mai su.

An haife ta ran 26 ga watan Yuni, 1892, a wani ƙaramin gari wai shi Hillsboro, cikin jihar West Virginia. Ubanta Absalom Sydenstricker da uwarta Caroline 'yan mishan ne masu aiki a ƙasar Sin, hutu ne ya kawo su gida har aka haife ta can. Tana 'yar watanni kaɗan suka koma da ita. 'Ya'ya bakwai suka haifa, uku kaɗai suka rayu har suka girma. Ita Pearl ta yi wayo ne a birnin Zhenjiang, a bakin kogin Yangtze, ta tashi tana jin harshen Sin kamar yadda ta ke jin Turanci. Uwarta ke koya mata karatun Turawa, wani malami kuma mai suna Kung yana zuwa gida yana koya mata karatun Sin da koyarwar Confucius. Amma a ganinmu babbar malamarta ita ce tsohuwar da ta rene ta, wadda a ke kira Wang, wadda ta cika mata kunne da tatsuniyoyi. Ban da ita kuma ga masu ba da labari a bakin titi, waɗanda jama'a kan kewaye su suna saurare. Nan ta koyi yadda a ke jan labari a fili, ba kwana-kwana, wannan hali kuwa bai bar rubutunta ba har ta mutu.

Tana da shekara takwas, cikin 1900, aka yi tawayen nan da Turawa ke kira na Boxer, inda mutanen Sin suka tasam ma baƙi. Iyalinsu suka gudu Shanghai. Nan yarinya ta fara gane cewa ko da ya ke a ranta ita 'yar ƙasar ce, launin gashinta da na idonta sun sa a ke ganinta baƙuwa.

Ta tafi Amurka ta yi karatu a kwalejin mata ta Randolph-Macon, ta gama cikin 1914, ta komo Sin don uwarta ba ta da lafiya. Cikin 1917 ta auri John Lossing Buck, masanin aikin gona, suka zauna a wani garin manoma cikin lardin Anhui. Shi yana bin gonaki yana ƙididdiga, ita kuwa tana shiga gidaje tana hira da mata, tana ganin yadda talaka ke fama da fari da ambaliya da bashi. Cikin 1920 suka koma Nanjing, ta kama koyar da Turanci a jami'a, a shekarar kuma ta haifi 'yarta Carol.

Sannu a hankali aka lura yarinyar jikinta na girma, hankalinta kuwa ya tsaya. Cutar da ta same ta irin wadda a ke haihuwar yaro da ita ce, jiki ba ya iya sarrafa wani abu da ke cikin abinci, sai ya taru ya ɓata ƙwaƙwalwa. A lokacin ba likitan da ya san ta, sai cikin 1934 wani likitan ƙasar Norway ya gano ta. Yanzu da ɗigon jini a ke gane ta tun jariri yana ɗan kwanaki, a gyara masa abinci ya tashi lafiya. Carol ba ta sami wannan ba.

Asarar takardu ta farko ta auku cikin watan Maris, 1927. Sojoji suka shiga Nanjing, aka kashe waɗansu Turawa, aka wasashe gidajensu. Wata mata talaka wadda Pearl ta taɓa taimaka wa ta ɓoye su cikin 'yar bukkarta yini guda, suna jin ƙarar bindigogi, har aka sami hanyar fid da su. A cikin gidan da aka wasashe kuwa akwai littafin hikayarta na farko, wanda ta riga ta gama rubutawa. Ya tafi ke nan. Abin da ya tsira shi ne tarihin uwarta da ta rubuta ta ajiye, wanda aka buga cikin 1936.

Cikin 1929 ta kai Carol wata makarantar masu irin wannan lalura a Vineland, jihar New Jersey, ta baro ta can tana kuka. Kuɗin makarantar ya fi ƙarfinta, sai da ta ci bashi. Don neman abin biya ne ta karɓi aikin rubuta wa hukumar mishan wani labari na matasa, wanda ya fito cikin 1932 da sunan The Young Revolutionist, labarin wani saurayi ɗan Sin da ya shiga sojan juyin mulki. Ashe ke nan bukata ce ta fara tura ta rubuta wa yara. Da ta koma Nanjing ta hau ɗakin sama ta zauna gaban keken rubutu, cikin wajen wata uku ta gama The Good Earth, labarin wani manomi Wang Lung da matarsa O-lan. Aka buga shi cikin 1931, ya sami kasuwa irin wadda ba a zata ba, ya ci kyautar Pulitzer cikin 1932. Cikin 1934 ta bar Sin, cikin 1935 aurenta ya mutu ta auri Richard Walsh mai buga littattafanta, cikin 1938 kuwa aka ba ta kyautar Nobel ta adabi. Ita ce mace ta farko daga Amurka da ta same ta.

A gonar Green Hills ita da Walsh suka ɗauki yara da dama suka rena tamkar nasu. Yaran nan su kan tambaye ta yadda ta yi ƙuruciyarta, ita kuwa ta kan ba su labari, daga irin wannan hira ne littattafan yara suka fito. Cikin 1942 ta fid da The Chinese Children Next Door, watau 'ya'yan maƙwabtanmu mutanen Sin. Labarin wani gida ne da aka haifi 'yan mata shida a jere, uba na ta begen ɗa namiji, har daga bisani aka same shi. Cikin 1943 sai The Water-Buffalo Children, inda wata yarinya Baturiya ta gamu da 'ya'yan manomi biyu da ɓaunarsu, irin ta gida wadda a ke noma da ita a can. Cikin 1944 The Dragon Fish, labarin 'yan mata biyu, ɗaya 'yar Sin ɗaya 'yar Amurka, kowace ta gaji da 'yan'uwanta maza, suka haɗu a bakin kogi suka ƙulla ƙawance. Cikin 1945 ta rubuta na wani yaro Yu Lan mai ƙaunar jirgin sama, cikin 1953 kuma tarihin Sun Yat-sen don 'yan makaranta.

Malamin makaranta zai ce, to, mene ne abin mamaki cikin waɗannan? Sai a duba zamanin. Tun 1882 akwai doka a Amurka wadda ta hana ma'aikata mutanen Sin shiga ƙasar, ta kuma hana waɗanda ke ciki zama 'yan ƙasa. Yaron Amurka kuwa galibi abin da ya sani game da mutumin Sin shi ne abin da ya gani a majigi, ko mugu ko abin dariya. Ita ba ta tsaya yi wa yara wa'azi a kan wannan ba. Ta nuna musu yaro mai jin yunwa, da yarinya mai fushi da wanta, da uba mai taurin kai amma mai son 'ya'yansa, sa'an nan a hankali ta saka abincinsu da tufafinsu da bukukuwansu. Cikin 1943 ta tsaya gaban wani kwamitin majalisar dokokin Amurka ta nemi a soke dokar nan, a ƙarshen shekarar kuwa aka soke ta. Ba mu ce ita kaɗai ta yi ba, gama Sin a lokacin abokiyar yaƙin Amurka ce a kan Japan, amma muryarta tana cikin waɗanda aka fi ji.

Ba kowa ya yabe ta ba. Lu Xun, babban marubucin Sin, yana ganin abin da ta sani na ƙasarsu na sama-sama ne, ya fi kyau mutanen Sin su rubuta labarin kansu. Masu sharhin adabi a Amurka kuma da yawa sun raina ta. Mu ma mun yarda ta yi rubutu fiye da kima, littattafai sama da 70, waɗansunsu kuwa da gaggawa aka yi su. Kuma Sin ɗin da ta ba yara labari ta ƙuruciyarta ce, wadda ta riga ta sāke tun ba a gama buga littattafan ba. Amma zancen sama-sama yana da wuyar karɓa a kan wadda ta yi wajen shekara 40 a ƙasar, har ta juya babban littafin nan nasu na 'yan fashin fadama zuwa Turanci cikin 1933.

Cikin 1949 ta kafa Welcome House don nema wa yara masu jinin Asiya iyayen riƙo, gama hukumomin lokacin sun ce ba mai ɗaukarsu. Cikin 1950 ta buga labarin Carol a fili, alhali a zamanin iyaye ɓoye irin wannan ɗa su ke yi. A zamanin da Shugaba Nixon ya ziyarci Sin cikin 1972 ta nemi izinin komawa ta ga inda ta tashi, gwamnatin Kwaminis ta ƙi, ta ce littattafanta sun ɓata sunan ƙasar. Ta mutu ran 6 ga watan Maris, 1973, a Danby, jihar Vermont, tana da shekara 80. Carol ta rayu a Vineland har 1992.

Sauran zancen takardu. A ƙarshen rayuwarta ta sāke wasiyya, ta bar yawancin dukiyarta a hannun wani amininta, 'ya'yanta suka kai ƙara, shari'a ta ba su gaskiya. Cikin wannan rikici takardu suka warwatsu. Tun kafin haka ma, wajen 1966, ainihin rubutun The Good Earth ya ɓace daga gidanta, ta nema ba ta gani ba har ta mutu. Sai cikin 2007, bayan shekara 40, aka kai shi wani gidan gwanjo a Philadelphia, shafi wajen 400 bugun keken rubutu, da gyare-gyaren hannunta a kai, tare da wasiƙu daga manyan mutane irin su Eleanor Roosevelt da Shugaba Truman. 'Yar wata tsohuwar sakatariyarta ce ta kawo su. Masu gwanjon suka sanar da 'yan sandan ciki na Amurka, aka karɓe, ba a kuwa gurfanar da kowa ba. Akawun da ya taɓa neman fayil shekara guda bai gani ba ya san irin murnar da aka yi.

Na biyun ya fi wannan ban mamaki. A ƙarshen 2012 wata mata a Fort Worth, jihar Texas, ta sayi kayan wani ɗakin ajiya da mai shi ya kasa biyan haya, sai ta tarar da wani littafi cikakke da rubutun hannun Pearl Buck, wanda ta gama dab da mutuwarta. Iyalinta suka fanshe shi, aka buga shi cikin 2013 da sunan The Eternal Wonder.

Babban kason rubuce-rubucenta kuwa tun tana da rai ta ba ƙungiyar da ke kula da gidan da aka haife ta a Hillsboro. An daɗe ana ajiye su a kwalejin West Virginia Wesleyan, cikin 2014 aka mai da su ɗakin karatu na Jami'ar West Virginia a Morgantown, inda masu bincike ke zuwa dubawa. A Sin ma iska ta juya, an gyara gidansu na Zhenjiang ya zama wurin ziyara, Jami'ar Nanjing kuma ta buɗe gidan da ta zauna ciki don tunawa da ita cikin 2012. A gidan nan ne littafinta na farko ya ɓace cikin 1927, shi kam ba a sāke ganinsa ba.