Likitan Da Ya Fara Gano Cutar Mantuwa

Ni ɗan Keffi ne, mahaifina fataken shanu ne da ke kai kaya Legas. Shekaru uku ke nan kakata ta fara mance sunayenmu, ta kan yi sallar azahar sau biyu, ran nan ma aka tsinto ta a bakin kasuwa ba ta san hanyar gida ba. Wasu suka ce aljanu ne, wasu suka ce gigin tsufa. Da likita ya ambaci sunan cutar, sai na bi diddigin mai sunan.

Alois Alzheimer Bajamushe ne, an haife shi a 1864 a garin Marktbreit. Ya yi aiki a asibitin masu taɓin hankali na Frankfurt. A 1901 aka kawo masa wata mata, Auguste Deter, 'yar shekara 51, tana mantuwa, tana zargin mijinta, ko sunanta ba ta iya rubutawa har ƙarshe. Bai kore ta da sunan mahaukaciya ba. Ya zauna yana yi mata tambayoyi, yana rubuta amsoshinta.

Da ta rasu a 1906, ya duba ƙwaƙwalwarta da madubin likita a Munich. Ya tarar ta motse, ga wasu dunƙule-dunƙule tsakanin ƙwayoyin jijiya, ga zare-zare sun cukurkuɗe a cikinsu. Ya kai bayanin taron likitoci a Tübingen, babu wanda ya kula. A 1910 maigidansa Emil Kraepelin ya sa wa cutar sunansa. Ya rasu a Breslau a 1915, shi ma yana da shekara 51.

Sai bayan 1980 aka gano dunƙulen nan furotin ne mai suna amiloyid, zaren kuma ana ce masa tau. Ƙwayoyin gado ne ke ba jiki umarnin ƙera su, in suka lalace suka taru sai jijiya ta mutu. Nan Ibadan ma, marigayi Farfesa Osuntokun ya yi bincike a kan cutar.

To jama'a, mu da ke zaune a Sabo ko Agege mun sha jin an taru a kan tsohuwa ana kiranta mayya don ta ɓace tana surutai. Wallahi sau da yawa ciwo ne. In naku ya fara, a kai shi asibiti, a sa masa lambar waya a aljihu, kada a bar shi ya fita shi kaɗai. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.