Tarihin Marigayi Jibo Bakari, Malamin Lakol Na Ƙonni Da Ya Zama Shugaban Sawaba

A wannan fitowa mun kawo muku tarihin Jibo Bakari, domin dattawa su tuna, yara kuma su san abin da iyayensu suka gani.

An haifi Jibo a 1922 a Sudure kusa da Yamai, garinsu ɗaya da Diori Hamani. Bazabarme ne, amma a Tawa ya yi ƙaramin lakol, nan ya iya Hausa. Daga baya aka kai shi makarantar William Ponty ta Senegal. Da ya fito ya koyar da yara a Birnin Ƙonni, kana aka kai shi Agadas.

Ya bar alli ya shiga siyasa a jam'iyyar PPN-RDA, har ya zama babban sakatarenta. Da shugabannin RDA suka sasanta da Nasara, Jibo ya ƙi, suka raba gari. Ya koma tsakanin leburori da direbobi da 'yan ƙwadago, kuma a 1954 ya kafa jam'iyyarsa, wadda talakawa suka raɗa wa suna Sawaba.

A Janairu 1956 ya nemi kujerar majalisar Faransa bai samu ba. Sai ya haɗa kai da BNA, jam'iyyar da sarakuna da yawa ke goyon baya. Kafin shekarar ta ƙare ya zama magajin garin Yamai. A zaɓen Maris 1957, lokacin da aka ba kowane baligi, mace da namiji, damar jefa ƙuri'a, jam'iyyarsa ta ci kujera 41 cikin 60 na majalisar ƙasa, ya zama jagoran gwamnatin farko ta 'yan Nijar.

To, jama'a, ga inda gizo ya yi saƙa. Rabin ƙarfinsa na talakawa ne, rabi aro ne daga sarakuna. Gwamnatinsa ta tuɓe waɗansu sarakuna, sauran suka tsorata. Da Janar De Gaulle ya kira ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, Jibo ya ce a zaɓi a'a, a karɓi mulkin kai nan take. Faransa ta aiko sabon gwamna, Colombani, ya bi sarakuna ɗaya bayan ɗaya. Masu i suka samu kashi 78 cikin 100, ko da yake mafi yawan masu rajista ba su fita ba. Jibo ya sauka. A zaɓen Disamba 1958 Diori ya karɓi ragama, a Oktoba 1959 kuma aka haramta Sawaba.

Jibo ya yi gudun hijira zuwa Mali da Ghana da Gini. A Oktoba 1964 'yan Sawaba suka shigo da bindigogi ta kan iyaka, abin ya zo har ƙofarmu: a Dibisu kusa da Ƙonni aka kashe Danduna Abubakar, ɗaya daga manyansu. Kame ya biyo baya, gidaje da yawa suka sha wuya, har da waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba.

Bayan juyin mulkin Kunce na 1974 ya dawo gida, amma a 1975 aka tsare shi shekaru. Da siyasa ta dawo ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1993, bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Ya rasu a Yamai ran 16 ga Afrilu 1998.

Har gobe dattawanmu ba su daidaita a kansa ba. Waɗansu sun ce ya riga kowa hangen 'yanci, waɗansu sun ce gaggawarsa ta jawo wa talaka bala'i. Abin da ba a musu shi ne, mutumin da ya ci kujera 41 bai cika shekara 2 bisa mulki ba, don waɗanda ya jingina da su sun janye. Mai neman ƙuri'armu, mu dubi wanda ya jingina da shi tukuna.

Allah ya jiƙan Jibo da Diori da dukan magabatanmu, amin.