Bubu Hama, mai tattara kayan tarihi

Duk wanda ya je Yamai ya ji labarin gidan ajiyar kayan tarihi na ƙasa, wanda mutanen birni ke ce ma Mize. Tun shekarar 2008 gidan nan yake amsa sunan Bubu Hama. To, wane ne wanga mutum, kuma me ya yi har aka sa ma gidan sunansa?

An haifi Bubu Hama wajen shekarar 1906 a Foneko, wani ɗan ƙauye na ƙasar Tera, yamma da kogin Kwara. Zamanin mulkin Faransa ne. A lokacin, iyaye ba su son a kai ɗiyansu lakkwal, don suna ganin yaro zai ɓace musu. Shi dai an kai shi. Ya fara karatu a Tera, ya wuce Dori, daga nan Wagadugu. Da ya yi ƙoƙari, sai aka tura shi babbar makarantar William Ponty da ke tsibirin Gore, ƙasar Senegal. A 1929 ya komo gida da takardar malanta, ya zama mushen lakkwal, cikin ƴan ƙasa na farko-farko da suka kai wannan matsayi.

Yana koyar da yara, shi ma yana neman sani wurin tsofaffi. In ya samu dattijo ko maroƙi da ya san asalin gari, sai ya zauna, ya saurara, ya rubuta. Ya lura da abu guda: tarihin da ake koyarwa a lakkwal na Turawa ne, namu kuwa yana cikin kawunan mutane da cikin gafakar malamai. Tsoho in ya rasu, abin da ya sani ya tafi da shi. Takarda kuma in gara ta same ta, shi ke nan.

Bubu Hama ya shiga siyasa. Yana cikin manyan jam'iyyar PPN, wadda aka kafa a 1946, tare da Jori Hamani. Daga 1954 zuwa 1957 shi ne shugaban cibiyar bincike ta IFAN a Yamai. A 1958 ya zama shugaban majalisar dokoki, ya riƙe kujerar har 1974. A zamanin nan an hana jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari, ƙasa ta koma hannun jam'iyya guda, mutane da yawa sun sha wuya. Bubu Hama yana cikin masu mulkin lokacin, shi ya sa har yau akwai masu yabon aikinsa na ilimi amma suna sukar siyasarsa.

Ko da yake yana majalisa, bai saki aikin tarihi ba. Da ƙoƙarinsa aka buɗe gidan tarihi na ƙasa a 1959, shekara ɗaya kafin samun ƴancin kai. Wani Bature mai suna Pablo Toucet ne ya fara shugabancin gidan. An gina rumfuna, kowace da irin kayanta: tufafin gargajiya, kayan kiɗa, makamai, kayan noma da na ɗaki. An yi samfurin gidajen Hausawa, Zabarmawa, Fulani da Buzaye, don yaron birni ya ga yadda ake zama a karkara. An ware wuri ga maƙera, dukawa da masaƙa, suna aiki mutane na kallo suna saye. Akwai kuma namun daji.

Daga baya kaya sun ƙaru. An kawo ƙasusuwan manyan dabbobin da suka rayu shekaru miliyoyi da suka wuce, waɗanda aka tono a Gadufawa, ƙasar Agadas. A 1973 mota ta buge itacen nan na Tenere, wanda yake tsaye shi kaɗai a tsakiyar hamada, ayari na gane hanya da shi. Aka ɗauko gungumen aka kawo gidan tarihi, aka yi masa rumfa.

Wani babban aikin Bubu Hama shi ne tattara tsofaffin littattafan hannu. Ya nemi malamai da sarakuna su fito da abin da suka gada. Wasu aka ba shi, wasu aka saya, wasu kuma aka kwafe aka maida ma masu su. Akwai na Larabci, akwai na ajami cikin Hausa da Fulatanci da sauran harsunanmu. A ciki ana samun fiƙihu, magani, ilimin taurari, waƙoƙi, wasiƙun sarakuna da labarin garuruwa. Waɗannan takardu suna ajiye a cibiyar bincike ta IRSH, ta jami'ar Abdu Mumuni, kuma yawansu ya kai wajen 4,000.

Kada ku ɗauka ajiya jibge kaya ne cikin ɗaki. Kowane littafi sai an ba shi lamba. A rubuta sunansa, da sunan wanda ya wallafa shi in an sani, da garin da ya fito, da yawan warƙoƙinsa. A kakkaɓe ƙura, a sa shi cikin kwali, a tsare shi daga laima, gara da ɓera. A ɗauki hotonsa, don masu bincike su duba hoton, asalin ya huta. In ba lamba ba rajista, littafi yana cikin ɗaki amma kamar ya ɓace.

Haka ma maganar baka. A 1968, da taimakon UNESCO, aka kafa wata cibiya a Yamai don ɗaukar muryoyin tsofaffi da maroƙa. Bubu Hama yana cikin waɗanda suka tsaya ma wannan aiki. Ita ce aka sani yanzu da CELHTO.

Shi kansa ya rubuta littattafai fiye da 30 cikin Faransanci. Akwai tarihin Gobir da Sakkwato, wanda ya fito a 1967, akwai tarihin Songai, na Fulani da na Buzaye, da tatsuniyoyin Nijar. A 1971 littafinsa Kotia-Nima ya ci babbar kyautar adabi ta Afirka.

Ranar 15 ga Afrilu 1974 sojoji suka yi juyin mulki a ƙarƙashin Saini Kunce. Aka kama Bubu Hama yana tsoho, aka tsare shi, har aka kai shi Agadas. Bayan ƴan shekaru aka sake shi. Ya rasu a Yamai cikin Janairun 1982.

Jama'a, aikin bai ƙare ba. Har yanzu a Damagaram, Maraɗi, Tawa da ƙauyukanmu akwai gafaka rataye a zaure, akwai sanduƙi ƙarƙashin gado cike da rubutun kakanni. Wanda yake da irinsu, kada ya aje su a ƙasa ko inda ɗaki ke yoyo. Kada ya sayar ma baƙon da bai sani ba, kada ya bari a ƙunshe ƙosai da su. Mu da muka koyi rubutu yanzu, mu samu tsofaffin gidanmu tun suna da rai, mu tambaye su asalin garinmu da sunayen kakanninmu, mu rubuta cikin kaye, mu aje ma ɗiyanmu.