Ronald Reagan: Ɗan Fim Ɗin Da Ya Mulki Amurka, Ya Kuma Tsallake Sankarar Hanji

A filinmu na tarihin tsofaffin taurari, yau zan ɗan ajiye Kannywood da Indiya in tsallaka Amurka. Da yawanku kun san sunan Ronald Reagan a matsayin shugaban ƙasa, amma kaɗan ne suka san ɗan fim ne, har ya fito a finafinai sama da 50 kafin ya shiga siyasa. Na ɗauko shi ne saboda wani abu da ya same shi a shekarar 1985, wanda nake ganin ya shafi gidajenmu, musamman iyayenmu.

An haifi Reagan ranar 6 ga Fabrairu, 1911, a wani ƙaramin gari mai suna Tampico a jihar Illinois. Gidansu talakawa ne. Babansa Jack takalma yake sayarwa, ga shi da matsalar shan giya, don haka suka yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan har suka zauna a Dixon. A nan ne yana saurayi ya samu aikin gadin masu wanka a kogi, kuma an ƙirga mutum 77 da ya tsamo daga ruwa. Ya gama kwalejin Eureka a 1932, ya kama aikin rediyo a jihar Iowa yana sharhin wasanni. Abin dariya, wani lokaci ko filin ba ya zuwa. Sai a riƙa turo masa sakamako ta wayar tangaraho, shi kuma yana zaune a ɗaki yana zuba labari kamar a gabansa ake bugawa. Kun ga tun daga nan aktin ya fara.

A 1937 kamfanin Warner Bros. ya gwada shi, ya ba shi kwantiragi na shekara bakwai. Gaskiya bai taɓa zama jarumi na sahun farko ba, yawanci ƙananan finafinai ake sa shi, ko ya fito a abokin jarumi. Amma yana da guda biyu da suka ɗaga shi. Akwai Knute Rockne, All American na 1940, inda ya fito a ɗan ƙwallo George Gipp wanda ya mutu da ƙuruciya, har laƙabin Gipper ya bi shi zuwa kabari. Sai Kings Row na 1942, wanda masana ke cewa shi ne mafi kyawun aikinsa: ya fito a saurayin da wani mugun likita ya yanke wa ƙafafu biyu don ƙeta. A 1951 kuma ya yi Bedtime for Bonzo tare da biri, fim ɗin da abokan hamayyarsa suka yi ta yi masa ba'a da shi daga baya. Fim ɗinsa na ƙarshe shi ne The Killers na 1964, kuma a ciki bos ya fito.

Ya auri jaruma Jane Wyman a 1940, aure ya mutu a 1949, sannan ya auri wata jarumar, Nancy Davis, a 1952. Ya shugabanci ƙungiyar 'yan wasan fim ta Amurka, kuma a can ya koyi siyasa. Ya yi gwamnan Kalifoniya daga 1967 zuwa 1975, sannan aka rantsar da shi shugaban ƙasa ranar 20 ga Janairu, 1981, yana da shekara 69. Ko wata uku bai cika ba, ranar 30 ga Maris, wani matashi John Hinckley ya harbe shi a birnin Washington. Kun san dalili? Wai don ya burge jaruma Jodie Foster, wadda ya haukace a kanta bayan ya kalli fim ɗin Taxi Driver. Harsashin ya shiga huhu, ya tsaya dab da zuciya, amma da yake da sauran shan ruwa a gaba, ya tashi. Masoya waƙa kuma, shi ne shugaban da ya karɓi Michael Jackson a fadar White House a watan Mayun 1984.

To, yanzu mu zo kan abin da ya kawo mu.

A 1984, a duba lafiyar da aka saba yi masa, likitoci suka ga wani ɗan tsiro a cikin babban hanjinsa. Aka gwada, aka ce ba sankara ba ce. A watan Maris na 1985 aka sake ganin wani, kuma gwajin bayan gida ya nuna akwai jini irin wanda ido ba ya gani. Duk wannan dubawar da gajeriyar na'ura aka yi ta, wadda iyakarta ƙarshen hanji. Sai ranar 12 ga Yuli, 1985, a asibitin sojojin ruwa na Bethesda, aka zura doguwar na'urar nan mai kyamara, wadda likitoci ke kira kolonoskofi, da niyyar cire ɗan tsiron. Da aka wuce can ciki, a farkon babban hanji ta ɓangaren dama, sai ga wani ƙaton tsiro da ya kai kusan santimita 5, wanda babu wanda ya san yana nan.

Washegari aka shiga da shi tiyata. Ya miƙa mulki ga mataimakinsa George Bush na kusan awa takwas, aka yanke kusan ƙafa biyu na hanjin, aka haɗe sauran. Bayan kwana biyu Dokta Steven Rosenberg ya fito gaban 'yan jarida ya tabbatar cewa sankara ce. Sa'ar da aka yi, ta fara cin bangon hanjin amma ba ta fasa ta fita ba, ba ta kama kaluluwa ko hanta ba. Ko allurar sankara ba a yi masa ba. Ranar 20 ga Yuli ya koma gida. Don ku gane zamanin, makonni kaɗan ke nan kafin Babangida ya kifar da gwamnatin Buhari a nan Najeriya.

Abu biyu suka biyo baya. Na farko, wasu likitoci suka yi ta sukar cewa tun ganin tsiron farko ya kamata a duba hanjin gaba ɗaya. Ku duba fa, shugaban Amurka guda, da likitoci a gindinsa dare da rana, shi ma saura ƙiris a makara. Na biyu, da yake an yi maganar a fili, jaridu har da zanen hanji suna bugawa, sai Amurkawa suka yi ta tururuwa asibiti neman gwaji, aka riƙa kama cutar da wuri a jikin mutane da yawa. Shi kansa ya ci gaba da zuwa ana duba shi, duk ƙaramin tsiron da ya fito a cire. Matarsa Nancy ma ta hanyar gwaji aka gano mata sankarar mama a 1987, aka yi aiki, ta rayu har 2016.

Ba na cewa mutumin waliyyi ne. Shi ne ya tura jirage suka yi wa Tarabulus da Bengazi ruwan bama-bamai a watan Afrilun 1986, lokacin Gaddafi. A shekarar ce kuma ya hau kujerar na-ƙi kan dokar takunkumi ga gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, sai da majalisa ta fi ƙarfinsa. Wannan yana cikin tarihinsa, ba mai goge shi. Ya sauka a 1989, a 1994 ya sanar da duniya yana fama da ciwon mantuwa, ya mutu ranar 5 ga Yuni, 2004, yana da shekara 93. Shekara 19 ke nan bayan tiyatar, kuma ciwon huhu ne ya yi ajalinsa. Sankarar ba ta dawo ba.

Yanzu ku ajiye wannan kusa da labarin da kuka fi sani. Chadwick Boseman, jarumin Black Panther, irin wannan cutar ce ta kama shi. An gano tasa a 2016 ta riga ta kai mataki na uku. Yana shan magani yana aiki ba tare da jama'a sun sani ba, har ta kai mataki na huɗu, ya rasu ranar 28 ga Agusta, 2020, yana da shekara 43. Tsoho mai shekara 74 ya tsira, matashi mai ji da ƙarfi ya tafi. Babban bambancin shi ne matakin da aka riski cutar.

Yadda abin yake, yawancin sankarar hanji daga ɗan tsiro take farawa, kuma yakan ɗauki wajen shekara goma kafin ya rikiɗe. Duk tsawon lokacin nan ba zafi, ba ciwo. In aka gan shi da na'ura aka cire, magana ta ƙare tun ba ta fara ba. A Amurka sun mayar da shekarun fara gwaji daga 50 zuwa 45. Wanda kuma uwa, uba ko ɗan'uwansa ya taɓa yin ta, ana so ya fara tun yana 40 ko ma kafin nan. Wanda bai da halin na'ura, akwai gwajin bayan gida mai neman ɓoyayyen jini, ya fi araha, ana maimaita shi duk shekara.

Mu a nan cikin birnin Zariya, kowa ya san sunan da muke ba jini a bayan gida: basir. In da majina, mu ce atuni. Daga Ƙofar Doka zuwa Babban Dodo ba ka rasa jin lasifikar mai maganin basir, a sayi ƙulli ko gora a yi ta sha wata da watanni. E, sau da yawa basir ɗin ne. Amma ido ba ya bambance jinin basir da na sankara, sai an duba. Kuma likitocinmu sun daɗe suna kukan cewa masu wannan cuta a Najeriya a makare suke zuwa, da yawansu kuma ba su kai 50 ba. Don haka in ka ga jini, ko bayan gida ya canja maka makonni, yau zawo gobe ƙullewar ciki, ko rama ba dalili, ko yawan kasala da ƙarancin jini, ko ciwon ciki da ya ƙi tafiya, ka je asibiti. Ga asibitin Gambo Sawaba nan a Ƙofar Gayan, ga na koyarwa na ABU a Shika, inda akwai sashen sankara.

Na san abin da ke hana mu: kunya, tsoro, da kuɗi. Wane dattijo ne zai yarda a ce za a duba shi ta dubura? Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kuɗin gwaji kuwa, komai nauyinsa, bai kama ƙafar kuɗin jinyar cutar da ta yaɗu ba. Ajali na Allah ne, wannan ba musu, neman magani kuma shi ma an umarce mu da shi.

Mu matasa mu ne masu waya, mu ne masu karanta irin wannan. Baba da Inna ba za su shigo shafin fim ba. Wanda ya san akwai mai shan maganin basir a gidansu shekara da shekaru ba sauƙi, ya lallaɓa shi, ya raka shi asibiti, in ya so ya fara da ba shi labarin ɗan fim ɗin nan.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai mun haɗu a tarihin tauraro na gaba.